Asubar da Moro Suka Ci La Bila da Yaƙi

Yayana ya daɗe a Elce, wani gari a kudu maso gabashin Sifaniya da ya yi suna da abu biyu, takalma da dabino. A masana'antar takalman yake neman abincinsa. Da bizata ta fito na ce masa zan zo a watan Oktoba, lokacin da tikitin jirgi ya fi sauƙi. Sai ya ce, "Auta, in dai Oktoba ne yi zamanka a gida. Ka zo ƙarshen Yuli, akwai yaƙin da nake so ka gani." Na san halinsa, ko na tambaya wane yaƙi ba zai faɗa ba, don haka na ƙara kuɗi na sayi tikitin Yuli.

A filin jirgin saman Alikante na fara gane abin da bazara take nufi a ƙasar nan. Jirgi na sauka wani na biye da shi, daga Ingila, daga Holan, daga Jamus, daga Nowe, kowa da gajeren wando da silifas, wasu tun a layin duba fasfo sun fara shafa man kare fata daga rana. Mutanen Sifaniya ba su kai miliyan 50 ba, amma a 2024 baƙi 'yan yawon buɗe ido kusan miliyan 94 ne suka shiga ƙasar, kuma yawancinsu bakin ruwa suka nufa. Wannan gaɓar ta lardin Alikante, wadda suke kira Kosta Bilanka, tana cikin wuraren da suka fi cika. Mu a gida muna gudun rana, su kuwa sai su tara kuɗin shekara guda don su zo su kwanta a ƙarƙashinta.

Agogo ne ya fara rikita ni. Alikante tana yamma da Kano nesa ba kusa ba, amma a bazara agogonta yana gaban namu da awa ɗaya. Tun 1940, zamanin Janar Faranko, aka tura agogon ƙasar gaba ya dace da na tsakiyar Turai, ba a kuma mayar da shi ba, sannan duk bazara ana ƙara tura shi gaba da awa ɗaya. Shi ya sa azahar ba ta shiga sai bayan ƙarfe biyu, magariba sai ta wuce tara, isha kuwa sai wajen sha ɗaya. Rayuwar mutanen ma haka ta karkata. Abincin rana ƙarfe biyu zuwa uku, daga nan shaguna da yawa su rufe, na dare sai goma, kuma ƙarfe sha biyun dare za ka ga jarirai a keke ana yawo da su a bakin teku ana shan askirim.

Rairayin da muka fara zuwa shi ne na cikin birnin Alikante, Fostiget, a gindin wani dutse mai tsayin mita 166 da ake kira Benakantil. A kan dutsen akwai ganuwar Santa Barbara, wadda tushenta tun zamanin da Musulmi ke mulkin garin ne, kafin ya faɗa hannun Kirista a ƙarni na 13. In ka tsaya a rairayin ka ɗaga kai, gefen dutsen ya yi siffar fuskar mutum da rawani, 'yan garin suna ce masa fuskar Moro. Moro shi ne sunan da suke kiran Musulmin Arewacin Afirka da suka shigo ƙasar a 711, suka riƙe sassanta har 1492. Sunan nan na yi ta jin sa har na baro ƙasar.

Ana cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. To a nan maganar ta wuce cibi. Wanda zai zo daga gida ya shirya wa idonsa, don ba a ɓoye komai sai ɗan abin da ba a rasa ba, tsoho da tsohuwa ma haka. Sai dai zan faɗi gaskiya: ba mai kallon wani. Matar Yaya, wadda nake ce wa Anti, ta shiga ruwa da kayan ninƙayarta masu rufe jiki tun daga kai har idon sawu, kusa da ita wata baturiya da kusan ba komai a jikinta, suna ta yi wa yaransu tsawa kowa da yarenta, babu wadda ta ɗaga ido ta dubi wata. Ni ne kawai nake zaune ƙarƙashin laima da doguwar riga, ina ta faman kallon ƙasa. Anti ta fito tana dariya ta ce, "Mijina, in kallon yashi ka zo yi ai da akwai shi a Daura."

Tsarin wurin ya burge ni. Akwai masu ceto a kan kujeru masu tsayi, da tuta da ke nuna halin da teku ke ciki: kore a shiga, rawaya a yi hattara, ja kada wanda ya kuskura. Akwai famfon wanke ƙafa a kowace mashiga, da katakon da aka shimfiɗa kan yashi don masu keken guragu. Kuma ba a biyan ko sisi kafin a shiga, domin a dokar ƙasar bakin teku na jama'a ne, otal ba shi da ikon ya katange ya ce nasa ne. Abin da ake biya shi ne hayar gadon kwanciya da laima, in mutum bai zo da tasa ba. Tsofaffin garin tun sassafe suke zuwa su kafa laimarsu a sahun gaba, har wasu garuruwan suka sa tara ga wanda ya kafa laima ya tafi ya bar ta tana riƙe masa wuri.

A nan na yi sallama da wani ɗan Senegal mai sayar da tabarau da zannuwan shimfiɗa. Ya baje kayansa kan wani farin mayafi da aka ɗaure wa igiya a kusurwa huɗu, igiyoyin suna hannunsa, ta yadda in ya hango ɗan sanda ja ɗaya zai yi kayan su dunƙule ya saɓa ya yi gaba. Ya amsa sallamata da fara'a, muka ɗan taɓa hira, Yaya na fassara. Ya ce ta tsibiran Kanari na Sifaniya ya shigo, a kwale-kwalen masunta. Da na tambaye shi ko yana shiga ruwan ya ɗan huce, sai ya girgiza kai ya ce ruwan da ya sha a hanya ya ishe shi.

Benidom ba zan daɗe a kanta ba, don ban daɗe a cikinta ba. Jirgin ƙasa na lantarki yana tashi daga dandalin Luseros a Alikante ya bi gaɓar teku har can. Garin masunta ne a da, masu kamun babban kifin nan da ake kira tuna, sai sana'ar ta mutu a farkon shekarun 1950. Magajin garin na lokacin, Pedro Zaragoza, ya fito da tsarin gini na 1956 wanda ya buɗe hanyar a riƙa gini sama maimakon a bazu, ya kuma halatta wa matan Turawa sa 'yan guntayen kayan wanka a rairayi lokacin da coci ke ganin abin kamar ridda. Ana ba da labarin cewa a kan babur ɗinsa ya tafi har Madrid ya shawo kan Faranko. Yau garin dogayen benaye ne jere a bakin ruwa, mafi tsayinsu, Intempo, ya kai kimanin mita 200. Akwai unguwar da za ka yi yawo ka gaji ba ka ji Sifaniyanci ba, sai mashaya irin ta Ingila da allon tallar karin kumallo da naman alade. Yaya yana kare garin, ya ce gara a tara mutane wuri ɗaya a sama da a cinye gaɓar gaba ɗaya da ƙananan gidaje, kuma dubban mutane na cin abinci a nan. Hujjarsa tana da ƙarfi. Ni dai kaina ya yi ciwo, muka koma tasha.

Tashoshi kaɗan kafin Benidom akwai Biyahoyosa, wadda 'yan garin ke kira La Bila kawai. Nan ne yaƙin Yaya. Gari ne na mutum dubu talatin da 'yan kai, an kafa shi wajen 1300. Gidajen bakin ruwa kowanne da launinsa, ja, shuɗi, rawaya, ruwan goro, wai don masunci ya gane gidansa tun yana cikin teku. Wasu gidajen an ɗora su kan tsohuwar ganuwa suna leƙen kogin Amadoriyo. In iska ta juyo sai ka ji ƙanshin cakulan, domin kamfanin Valor, wanda aka kafa a 1881, a garin yake, kuma ba shi kaɗai ba ne.

Daga 24 zuwa 31 ga Yuli garin yana bikin da suke kira Moros y Cristianos, wato Moro da Kirista. Garuruwa da yawa a lardin suna irinsa, na Alkoy a watan Afrilu ma ya fi suna, amma La Bila ce ta shahara da yin nata a cikin teku. Asalinsa harin da jiragen 'yan fashin teku daga Aljeriya suka kai wa garin a 1538, ƙarƙashin wani kwamanda da suke kira Zale Arraez, wanda ake ɗauka shi ne Salah Rais na daular Usmaniyya. Garin ya tsira. Su a imaninsu wata waliyyiyarsu, Santa Marta, ita ta kawo ambaliyar da ta hana maharan cin nasara, don haka suka mai da ita uwar garin, kuma sama da shekara 250 ke nan suna maimaita yaƙin. Tsoron da suka sha ba tatsuniya ba ne. Har yanzu akwai hasumiyoyin tsaro na ƙarni na 16 a kan duwatsun gaɓar, waɗanda ake kunna wuta ko hayaƙi a kansu in an hango jirgi, wannan ta sanar da waccan.

Mutanen gari sun kasu rukuni 22, goma sha ɗaya Moro, goma sha ɗaya Kirista. Kowane rukuni yana da gidansa inda ake ci ake sha tsawon makon, yana da kayan sawarsa, kuma 'yan rukunin suna zuba kuɗi duk shekara don wannan mako ɗaya. Kowane ɓangare yana naɗa sarkinsa na shekara, sarautar tana zagayawa daga rukuni zuwa rukuni. A ɓangaren Kirista akwai Masunta, da Manoma, da Mafarauta, har da 'Yan Fasa-ƙwauri. A na Moro akwai Badawiyyai, da Mutanen Rif, da Fatake, da Dakarun Baƙaƙe, da Buzaye. Da Yaya ya nuna mini na ƙarshen nan sai da na yi dariya. Rawanin ya yi kyau, tufafin sun sha kuɗi, amma naɗin da na gani a kan wasu, in mutumin Agadas ya gani sai ya nemi a ba shi ya gyara.

Ranakun 25 da 26 ake jerin gwano, yini ɗaya na Kirista, yini ɗaya na Moro. Wanda ya taɓa tsayuwa a ƙofar Kudu ranar hawan Daushe zai gane yanayin nan take: kowane rukuni da kalar kayansa da makaɗansa, sarki a ƙarshe, mata a kan baranda suna kiran sunan 'ya'yansu. Bambancin shi ne a nan ƙafa ta fi doki yawa. Mutum goma ko fiye za su jeru kafaɗa da kafaɗa, su cika faɗin titi, suna tafiya a hankali suna rangaji dama da hagu. A gabansu mutum ɗaya da lanƙwasasshen takobi yana juyi yana yi wa jama'a ƙasaita, shi ne ke jan sahun. A bayansu 'yan badujala da manyan tambura da irin algaitarsu. Kiɗan Kirista yana da sauri da fara'a. Na Moro a hankali yake, mai nauyi, tambarin yana bugawa har cikin ƙirji, kuma shi jama'a suka fi jira. An fara da yamma, har tsakar dare sahu bai ƙare ba.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai. Wasu sahun sun shafe fuskarsu da baƙin fenti, sun sa gashin tsuntsu da fatun dabbobi da ƙasusuwa, su ne wai mayaƙan Afirka. Ina tsaye a bakin titi da baƙar fatata ta gaske, suna wucewa ana tafa musu. Ba wanda ya yi mini kallon banza, wata tsohuwa ma matsa mini ta yi in samu wurin gani. Na yarda ba da mugun nufi suke yi ba, abin da suka tarar ne. Amma rashin mugun nufi bai sa abin ya yi mini daɗi ba. Yaya ya ce ko a cikinsu yanzu ana muhawara a kai, matasa da yawa ba sa so.

Ga mai niyyar zuwa, a kula da abin da ake miƙo maka. Mutanen suna da kyauta a makon nan, za su jawo ka cikin gidan rukuninsu su cika maka hannu. Abin shan bikin, wanda suke kira nardo, a ido kofi ne mai ƙanƙara, amma an zuba masa giya mai ƙarfi. Dafa-dukan shinkafarsu kuma, fa'eya, wani lokaci da naman alade a ciki. Mu mun tsaya kan shinkafar da ake dafawa da romon kifi, arros a banda, da gasasshen kifi da jatan lande, kuma ban yi asarar komai ba, don garin yana da tashar masunta, da yamma ake gwanjon kifin da aka kamo ranar.

Daren 27 ba a barci. Moro suna tattaruwa a tashar jiragen ruwa su shiga jirage sama da talatin, Kirista kuma su kafa sansani a rairayin tsakiyar gari, gaban wata ganuwar katako da aka gina don bikin. Mun isa cikin dare mun tarar bakin ruwan ya cika maƙil, wasu da kujerun naɗewa, wasu da bargo, wasu a buge tun jiya. Da alfijir ya keto muka koma bayan wani gini muka yi sallar asuba a kan kwali. Muna sallamewa igwa ta farko ta tashi.

Daga nan ba a jin maganar kowa. Fitilun jiragen suna matsowa daga cikin duhu, daga jiragen ana harbi, daga tudu ana ramawa, duk da bindigogin toka irin na da, albarushi zalla ba harsashi. Wuta tana fita daga bakin kowace bindiga kamu guda, hayaƙi ya kwanta a kan ruwa, warin albarushi ya cika hanci. Yara da yawa an toshe musu kunne da auduga, ni da ban shirya ba na yi da yatsa. Gari na fara wayewa sai Moro suka fara faɗawa cikin teku daga jiragen, da kayansu, suna iyo zuwa tudu. Samari suna rige-rige. Masu tumbi da masu furfura suna zuwa a hankali, wani ma sai da abokan gabarsa Kirista suka kamo hannunsa suka fito da shi, ya huta, sannan aka ci gaba da yaƙi. Aka gwabza a kan yashi da takubba, Kirista suka ja da baya, manzon Moro ya tsaya gaban ganuwa ya yi doguwar magana cikin waƙe yana neman a miƙa wuya, aka ƙi, aka sake gwabzawa. Rana na fitowa aka sauke tutar gicciye aka ɗaga mai jinjirin wata. Jama'a suka ɓarke da tafi da sowa. Na waiga na ga Yaya yana tafi har da tsalle, na ce, "Yaya, ka san fa da yamma za a kore su." Ya ce, "Na sani, bar ni in ci ta safe."

Haka kuwa aka yi. Da yammacin ranar 28 Kirista suka dawo, manzonsu ya yi tasa maganar, aka ƙwace ganuwar, aka tura Moro cikin teku. Washegari 29, ranar Santa Marta, waɗanda jiya suke da rawani da jinjirin wata suka bi bayan gunkinta cikin jerin gwano tare da kowa. Wannan daga nesa na hango, ba hurumina ba ne.

Tsakanin yaƙin safe da na yamma mun zauna a inuwa kusa da wani dattijo ɗan rukunin Badawiyyai, yana shanya alkyabbarsa a kan kujera. Na ce Yaya ya tambayar mini shi, "Baba, ba ka jin haushi duk shekara ku ake ci da yaƙi?" Ya yi dariya har da tari. Ya ce ubansa Moro ne, kakansa Moro ne, jikarsa ma tun tana zanin goyo aka rubuta ta a rukunin. Ya ce su suke cin nasara da asuba lokacin da duniya ta taru tana kallo, Kirista kuwa sai da yamma lokacin da kowa ya gaji yana hamma. Sannan ya shafa alkyabbar ya ce, kuma dubi kayanmu, dubi nasu.

Na ji daɗin dattijon, kuma na fahimci cewa a wurinsa zama Moro gado ne na gida da zumunci, ba shi da alaƙa da addini ko gaba. Amma a jirgin komawa na yi ta juya wani abu. Moron da ke cikin bikin nan kullum baƙo ne, daga teku yake zuwa, da takobi, a kore shi ya koma inda ya fito. Alhali Musulmin da suka fi daɗewa a wannan ƙasa ba daga jirgi suka sauko ranar ba. Manoma ne da aka haifi kakannin kakanninsu a nan. Su suka tsara gonakin dabinon Elce da magudanan ruwan da ke shayar da su tun wajen ƙarni na 10, dabino kimanin dubu 200 da hukumar UNESCO ta sa wani ɓangarensu cikin kayan tarihin duniya a 2000, waɗanda nake bi ta cikinsu kullum in zan je gidan Yaya. Bayan mulki ya koma hannun Kirista sun zauna ɗaruruwan shekaru suna noma wa masu ƙasa. A shekarun 1520 aka tilasta musu shiga Kiristanci. A 1609 Sarki Filib na Uku ya ba da umarnin a kore su gaba ɗaya, aka fara da masarautar Balensiya, wadda wannan yankin ke cikinta, inda suka kai kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'a. Ta tashoshin Deniya da Alikante da wasu aka loda su zuwa Oran, a gaɓar Aljeriya ta yau. Daga ƙasar baki ɗaya kimanin mutum dubu 300 aka fitar zuwa 1614, ƙauyuka da yawa suka zama kufai. A cikin rukuni goma sha ɗaya na Moro ban ga na waɗannan ba. Manomi da fartanya ba ya kyau a jerin gwano, kuma labarinsa ba ya ƙarewa da tafi.

Hanyar Oran ɗin har yau tana aiki. A tashar jiragen ruwa ta Alikante na ga layin motoci masu lambar Faransa, an lafta musu kaya a kan rufi an ɗaure da tamfol, iyalan Aljeriyawa ne ke jiran jirgin da zai tsallaka da su hutun bazara a gida. Ta ɗaya ɓangaren kuma, in teku ta kwanta, ƙananan kwale-kwale suna tasowa daga Aljeriya cikin dare su sauke matasa a wannan gaɓar, wani lokaci a rairayin da ake wanka. Su ba tambari ake tarbarsu da shi ba, 'yan sanda ne da ma'aikatan Red Cross da barguna.

Tsibirin Tabarka ya nuna mini ɗaya fuskar labarin, don kada in yi son kai. Daga Santa Pola, wani gari a bakin teku kusa da Elce, ake shiga jirgi, tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Tsibirin bai kai kilomita biyu a tsayi ba, faɗinsa kimanin mita 400, ba motoci, ba inuwar kirki. A da maɓoyar 'yan fashin teku ce. Mutanen da ke cikinsa jikokin wasu masunta ne 'yan asalin Jenowa ta Italiya da ke zaune a wani tsibiri mai suna Tabarka a gaɓar Tunisiya. A 1741 mai mulkin Tunis ya kame su, daga baya suka koma hannun Aljeriya, suka yi shekaru cikin bauta, har Sarki Carlos na Uku na Sifaniya ya fanshe su a 1768, ya gina musu gari mai ganuwa a nan, suka tare a 1770. Shi ya sa sunayen gidajen tsibirin na Italiya ne. Kamun mutane a sayar ko a nemi fansa, kowane gefe na Bahar Rum ya yi wa ɗaya, shekara da shekaru.

Da sanyi mutum hamsin da wani abu ne ke kwana a tsibirin. Da bazara dubbai ke sauka a yini. Tun 1986 aka killace ruwan da ke kewaye da shi, shi ne wuri na farko da Sifaniya ta yi wa haka, kuma ka ga amfanin abin da idonka: ruwan garau, ciyawar ƙarƙashin teku tana kaɗawa, kifi yana zagaya ƙafar mutum ba tsoro. A nan ne na cire doguwar rigar na shiga, iya ƙugu, ina riƙe da dutse, yaran Yaya suna yi mini dariya. Muka ci kaldero, abincin tsibirin, wanda ake fara kawo kifi da dankali da wani haɗin tafarnuwa, sannan a kawo shinkafar da aka dafa a romon. Kuɗinsa ya ɗaga mini hankali, ɗanɗanonsa ya kwantar.

Tsadar nan ba baƙo kaɗai take ci ba. Yaya ya ce masu gidaje da yawa a bakin ruwa sun gane hayar mako ɗaya ga bature a Agusta ta fi ta wata guda ga ɗan gari, don haka ma'aikatan otal da masu wanke kwanuka suna ta matsawa cikin tudu suna neman ɗaki. A 2024 mutane sun fito zanga-zanga a tsibiran Kanari da Mayorka da Malaga da Barselona kan wannan. Ba korar baƙi suke nema ba, yawancinsu da baƙin suke ci, iyaka suke so a sa.

Ana gobe zan taso Anti ta ce sai na sha abin da 'yan Balensiya ke alfahari da shi, orcata. Aka kawo mini a dogon kofi, fari, da sanyi ƙarara, da wani dogon burodi mai zaƙi da ake tsomawa. Na kurɓa na dube ta. Kunun aya ne. Ba dabino, ba kwakwa, ba citta, aya ce da ruwa da sukari, an tace ta sosai. Ana noma ayar a gonakin arewa da birnin Balensiya, wajen Alboraya, kuma suna da hukumar da ke ba da shaidar cewa wannan tasu ce ta asali. Sai dai abin da suke nomawa ba ya isarsu, suna sayowa daga Afirka ta Yamma, har da Nijar, inda jihar Maraɗi ta yi fice a nomanta. Na lissafa kuɗin kofi ɗaya a naira na ga zai sayi aya mudu da yawa a gida. Kuskurena da na yi lissafin da ƙarfi, don Yaya ya ajiye cokali ya ɗauko biro ya fara rubutu a bayan rasit: kuɗin buhu, kuɗin mota zuwa Legas, kuɗin kwantena, takardar gwajin inganci da Turai ke nema. Anti ta ce kada in biye masa, bara ma da zoɓo ya yi wannan lissafin. Tun da na dawo kusan kowane mako sai ya turo saƙo yana tambaya ko na leƙa kasuwar Dawanau na ji nawa ake sayar da buhun aya mai manyan ƙwaya.